Sunansa Marini, Kati Ya Ce Mabaraci

A kowace takardar cikewa ta hukuma akwai wani ɗan gurbi da bai fi tsawon yatsa ba, inda ake so mutum ya rubuta sana'arsa. Gurbin suna ba ya ba da wahala. Na shekaru ma da sauƙi, ko da yake tsofaffinmu sai an yi musu lissafi da sarautar wane ko shekarar fara. Gurbin sana'a shi ne mai rigima, domin kalma ɗaya tak yake karɓa, alhali Bahaushe bai saba rayuwa da sana'a ɗaya ba. Wanda ka gani a gona da damina, shi za ka tarar a bakin masaƙa da rani, kuma in azumi ya zo wataƙila shi ne mai tallan dabino a ƙofar masallaci. Ai ba banza aka ce sana'a goma maganin mai gasa ba.

Mutanen Ingila masu bin diddigin asalinsu sun daɗe suna fama da wannan gurbi, kuma irin famansu ya buɗe mana ido a kan namu. A shekarar 1834 majalisarsu ta yi dokar da ta ce mai ƙarfi a jika da ke neman tallafin hukuma, to ya shiga gidan gajiyayyu. Da gangan aka tsananta zaman gidan don kada ya yi wa kowa sha'awa. A raba miji da matarsa, a raba uwa da 'ya'yanta, a ba kowa tufafi iri ɗaya, sannan a ɗora masa aiki. Maza su fasa dutse, wasu su wuni suna warware tsofaffin igiyoyin jirgin ruwa masu kwalta da yatsunsu, mata kuma wanki da ɗinki da shara. Charlie Chaplin, ɗan wasan barkwancin nan, ya shiga irin wannan gida a Landan a 1896, yana ɗan shekara bakwai. Sai a 1930 aka soke tsarin a hukumance.

Duk shekara goma suna ƙidaya, kuma tun daga ta 1841 ake rubuta sunan kowa. In an zo gidan gajiyayyu, shugaban gidan ne ke cike takardar. Yau jikan jika zai buɗe wayarsa ya ga sunan kakansa a jerin mutum ɗari uku, a gabansa an rubuta maƙeri. To, ƙira yake yi a cikin gidan, ko kuwa ita ce sana'ar da ya yi kafin duniya ta juya masa baya? Galibi tsohuwar sana'ar ake nufi, wani lokaci ma har a ƙara kalmar da ke nuna cewa a da ne. Amma wani magatakardan aikin da ya ga mutum yana yi a gidan yake rubutawa, wani kuma ba ya wahalar da kansa: kalmar matalauci zai sa a layin farko, ya bi sauran layukan da 'yar alamar maimaici har ƙasan shafi. Masu sanin kan abin sukan ce kada ka karanta layin kakanka shi kaɗai. Duba shafin gaba ɗaya tukuna, ka gane halin mai alƙalamin. In kowa a shafin abu ɗaya aka rubuta masa, labarin gajiyar magatakarda kake karantawa.

Mu nan ba a taɓa gina mana irin wannan gida ba. Wanda ƙarfinsa ya ƙare, dangi ne gidan gajiyayyunsa. In babu dangi, akwai zakka da sadaka da zauren mai unguwa. Makafi da kutare da guragu suna da sarakunansu, masu rawani da faɗa a ji. Baturen nan Clapperton, da ya shiga Kano a 1824, ya ga unguwa guda ta makafi a cikin ganuwa, har ya rubuta labarinta. Sai dai kuma ba mu gaji irin jerin sunayen da su suka gada ba. Ƙidayar 1921 a Arewa ta fito ne cikin littafin C. K. Meek mai juzu'i biyu a 1925, jimla ce a kan jimla, babu sunan kakan kowa. A ta 1931, in ka cire Legas da 'yan garuruwa ƙalilan da wasu zaɓaɓɓun ƙauyuka na Arewa, daga kundin haraji aka ɗebo yawancin alƙaluman. Wanda ke neman nasa sai ya bi ta rahotannin kimanta haraji da jami'an Turawa suka rubuta gunduma-gunduma, waɗanda ke ajiye a gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ko rajistar kotu, ko katin asibiti, ko wata takarda da ta tsira daga gara a ƙasan adaka.

Kuma duk inda aka ce haraji, to amsar da talaka zai bayar ta riga ta karkace. Tun kafin Turawa su shigo Zariya a 1902, a ƙasar Zazzau da galma ake lissafin manomi, ya biya kuɗin galma. Marini yana da kuɗin karofi a kan kowane ramin rini, mai lambu yana da nasa. Dokar haraji ta 1906 ta tattara yawancin waɗannan wuri guda, aka koma kimanta abin da mutum ke samu a shekara. Ka ɗauka kai ne magidanci, ga Bature a kan doki, ga ɗan sarki, ga malamin haraji da alƙalami, an ce mece ce sana'arka. Kana noma, kana saƙa, kana ɗan taɓa fataucin goro. Wacce za ka faɗa? Noma mana. Kowa manomi ne, ba a tuhumar manomi da ɓoye dukiya. Haka kalmar manomi ta zama katafaren zaure wanda ya haɗiye masaƙa da majema da dillalai da malaman tsibbu.

Ta haɗiye abin da ya fi haka nauyi. Ƙasar Zazzau ƙasar rinji ce. Dokar Turawa ta 'yanta yaran da aka haifa daga Afrilun 1901, amma iyayensu da yawa sun ci gaba da zama a hannun iyayengijinsu, wasu suna biyan murgu, wasu suna tara kuɗin fansa, har zuwa 1936 da aka haramta bautar ɗungurungum. Wato a lissafin 1921, mai rinji da bawan da ke yi masa noman gandu duk manoma ne. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, ya san tazarar da ke tsakanin mutanen nan biyu. Takarda kuwa ta zaunar da su a tabarma ɗaya.

Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a nan Samaru, ya sha nanata wa ɗalibansa cewa kafin ka yarda da abin da takarda ta ce, tambayi wanda ya rubuta ta, da wanda ya yi masa tafinta, da abin da ya kawo shi. Har maƙala ya rubuta a kan yadda ya kamata a auna abin da Heinrich Barth ya faɗa game da Katsina. Mu ba ɗaliban tarihi ba ne, 'ya'yan ma'aikata ne da 'yan kasuwa, amma iskar wannan magana ta kaɗo har cikin unguwanninmu. Ba mu san za ta yi mana rana a cikin gida ba sai da aka buɗe adakar kakarmu bayan rasuwarta.

Takardu biyu muka samu masu sunan mijinta, kakanmu na wajen uba. Ta farko 'yar shaidar aiki ce ta tashar jirgin ƙasa, ta yi ja don tsufa, an rubuta lebura. Wannan ba ta ba kowa mamaki ba. Sabon Gari ai jirgi ne ya haife shi. Layin dogo ya iso Zariya ya wuce Kano a 1911, daga baya aka ja ƙaramin layi zuwa Jos, sai kantunan Turawa suka jeru, gidan gurzar auduga ya kafu, gari ya taso a bayan Kubanni. Sunayen unguwannin ma sana'a suke faɗa: PZ sunan kanti ne, Kwangila kuwa ba sai an fassara ba. Akawu da direban jirgi da makaniki yawancinsu daga Kudu suka zo, sunayen titunan Legas da Benin shaida ne. Masu ɗaukar dilar auduga da buhun gyaɗa a ka su ne 'yan ƙauyukan nan namu, da yawansu cin rani ya kawo su, da niyyar in ruwa ya sauka su koma. Kakanmu ya zo wajen ƙarshen yaƙin Hitila, bai koma ba.

Amma a duk faɗin layinmu ba wanda ya taɓa kiransa lebura. Marini ake ce masa, mu kuma mu ce Kaka Marini. Daga wani gari yake a arewacin Zazzau, wajen Hunƙuyi, gidansu gidan rini ne kaka da kakanni. Atamfa da shuɗin kanti suka kashe musu kasuwa, karofi ya rage daga goma zuwa uku, ƙannensa suka ishi ukun, shi ya kamo hanya. Mun same shi ya tsufa, idanunsa sun tafi, shekara kusan arba'in rabonsa da tsoma zane a baba. Duk da haka in aka miƙa masa sabon rini sai ya murza shi tsakanin yatsu, ya kai hanci, ya ce wannan sau nawa aka tsoma, wannan kuma tokarsa ta yi yawa. Yana iya yi maka bayanin yadda ake kwashe katsi a ƙone shi, da yadda ake dama rami da muciya har kumfa ya nuna ya nuna, kamar jiya ya baro marina. Aikin tasha ya fi shekara goma sha biyar yana yinsa, amma ba mu taɓa jin ya ba da labarinsa da irin wannan murya ba.

Takarda ta biyu ita ce ta tayar da ƙura. Katin wani asibitin mishan ne inda aka kai shi neman maganin ido. A gurbin sana'a, da Turanci, an rubuta kalmar da ke nufin mabaraci.

Da aka fassara wa Goggo, babbar 'yarsa, sai ta miƙe tsaye. Ta ce, “Ku ba ni shi nan in sa a murhu. Baba bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Yaron da ya rubuta wannan ya ga makaho da ɗan jagora ne kawai, ko tambayarsa bai yi ba.”

Baffa, ƙaninta, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Yaya, ki yi haƙuri. Ni ne ɗan jagoran. Shekara biyu muna zuwa masallacin Juma'a, kina gidan miji lokacin. Inna ce ta hana a gaya miki.”

Ɗakin ya yi tsit. Mu jikoki muka sunkuyar da kai, kowa yana lissafin shekarun a zuci: ido ya tafi, aikin tasha ya tafi da shi, babanmu yana makarantar kwana, Baffa bai kai ya ɗauki buhu ba. Lissafin ya fita daidai. Katin bai yi ƙarya ba. Goggo ma ba ta yi ba, don mutumin da ta sani, wanda ya aurar da ita da turmi biyu na zanen da ya aika gida aka rina, bai taɓa bara ba. Abin da katin ya kama shi ne shekara biyu cikin tamanin, kuma su kaɗai ne suka samu shiga takarda mai hatimi. Da a ce jikan jikanmu ne ya tsinci adakar nan bayan duk mun shuɗe, da lebura da mabaraci kawai zai gada. Sunan Marini ba a rubuce yake ko'ina ba.

A nan muke ganin magatakardan Ingila, duk da tsananin gidan da yake yi wa aiki, ya fi namu adalci ta fuska ɗaya: sau da yawa yakan tambayi tsoho abin da yake yi a da, ya rubuta masa shi. Mutum yana fasa dutse da rigar gidan gajiyayyu, amma takarda ta bar masa ƙirarsa. Bakin mutanen layinmu shi ya yi wa kakanmu wannan alfarma. Haka al'adarmu take, sana'a ta manne wa suna har kabari: Tela da ya daina ganin ramin allura, Direba da ya shekara ashirin bai riƙe sitiyari ba. Sai dai al'adar nan tana da ɗaya fuskar, kuma ba kyakkyawa ba ce. In lalura ta yi ƙarfi takan ture sana'ar ta zauna a kujerarta, a wayi gari ana cewa wane Makaho, wane Kuturu, kamar da haka aka raɗa musu suna.

Ita kanta kalmar bara sai an yi hattara da ita a tsohuwar takarda. A rubutun boko ba a nuna karin sauti, don haka haruffa huɗun nan suna iya nufin roƙon abinci, ko yaron gidan babban mutum, ko shekarar da ta wuce. In Bature ne ya rubuta da harshensa, rikicin ya ƙaru, don kalma ɗaya yakan yi wa almajiri da makaho da maroƙi kuɗin goro. Alhali roƙo sana'a ce mai gado da sarauta, a fadar Zazzau ma akwai Sanƙira. Almajiri kuwa ɗalibi ne wanda wataƙila nan da shekara goma shi ne limamin garinsu. Makafi su ma ba zaune suke ba: an san su da tufkar igiya, kuma kakanmu ya koye ta a wajensu. Da ita ya fita daga waɗancan shekaru biyu. Mun tashi muna ganinsa a zaure da ɗaurin rama a gefe, yana murzawa a cinya, masu shanu da masu rijiya suna zuwa saye. Abin ya tsaya mana a rai da muka ji aikin da ake ba gajiyayyun Ingila. Su ana sa su warware igiya don a hore su, shi kuwa tufka ta ya yi ya ciyar da gida. Ita ma wannan sana'a ta huɗu, in an haɗa da noman da ya taso a ciki, ba ta shiga takarda ba.

Wurin da ya fi kama da gidan gajiyayyu a tarihinmu shi ne sansanin kutare. A ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan suka karɓi ragamar manyan sansanonin larduna, irin su Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Namu na Zariya shi ne Saye, inda cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta take a yau. Mutum ya bar garinsu ya zauna shekaru, yana karɓar allura, yana noma a gonar sansani. Duk wanda ya ci karo da sunan nasa a rajistar irin wannan wuri, da kalmar manomi a gabansa, tambayar mutanen Ingila ce za ta dawo masa: gonar gida ake nufi ko ta sansani? Kuma kafin cutar ta ci yatsun, me yatsun suke yi?

Mata kuwa ko wannan rikicin ba su samu ba, gurbinsu fayau yake. Kakarmu, mai adakar, ita ta riƙe gidan a shekarun da ake magana. Kaɗi take yi da dare, da safe ta soya ƙosai, ranar kasuwa ta tura yara da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Zaren da matan kulle suka kaɗa shi ne ya ciyar da masaƙa, masaƙa suka ciyar da marina. In ka zare mazari daga hannunsu, duk jerin sana'o'in da Bature ya ƙirga sun rushe. Amma mai ƙidaya a zaure yake tsayawa, mai gida ne ke amsawa. Kuma wannan bai tsaya a zamanin Turawa ba. A ƙidayar watan Maris na 2006, da aka hana fita aka bi gida-gida ana shafa wa mutane tawada a yatsa, muna tsaye wani kawunmu a Hayin Dogo ya amsa wa matarsa. Malamar ƙidaya ta ce, “Baba, Mama fa, wane aiki take yi?” Ya ce, “Ba ta aikin komai, 'yata, tana gida.” A daidai lokacin ƙamshin daddawar da take kaiwa kasuwar Samaru ya cika zauren, har malamar tana toshe hanci da gefen mayafi. Ba ƙarya ya yi niyya ba. A kunnensa aiki shi ne na albashi, irin wanda ya yi a gonar gwaji ta cibiyar binciken aikin gona, wadda tushenta ke komawa 1922, tun kafin a buɗe jami'a a 1962. Da ta ce sana'a, da wata amsar ta samu.

Katin dai ba a ƙone shi ba. Goggo ta ce to a ajiye, amma ba a ɗakinta ba. Wata ƙanwarmu mai kyan rubutu ta samo farar takarda ta rubuta sunan garinsu da na gidan rininsu, da shekarun tasha, da na igiya, da abin da Baffa ya faɗa kamar yadda ya faɗe shi, aka naɗe su tare a leda ɗaya. Baffa ya sa hannu a ƙasa. Goggo ta ƙi.

Ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023 aka ɗage, an ce da 'yar na'urar hannu za a yi ta, malami ya latsa amsa daga jerin da aka tanada. Muna ta hasashen yadda za ta kaya a kan titin Sakkwato, daga Kwangila zuwa babbar ƙofar jami'a. Ga mai digiri a kimiyyar ƙasa yana acaba da safe, yana cajin waya da yamma. Ga tsohon masinja da fanshonsa ya maƙale, yana gadi da dare, yana noman masara a bayan Bomo. Ga malamin jami'a da kaji dubu a bayan gida, waɗanda suka ciyar da shi wata takwas na yajin aikin 2022. Akwai kuma wani dattijo da ke zama kusa da gadar Kwangila da ƙoƙo a gabansa, wanda 'yan acaban wurin ba sa kiransa da komai sai Birkila.